Yadda Ake Tsayar da Ranar Biki Tsakanin Kalanda Biyu

Duk mai shirin sa ranar aure a Kano yana aiki ne da lissafi biyu, domin dattawa watan Musulunci suke ƙirgawa, ma'aikata kuma suna bin na Bature. A fara da tsayar da ranar mako, tunda Asabar ba ta sauyawa a kowane lissafi.

Sannan a duba kalandar bango, amma kada a ɗauki kwanan watan Hijira da aka buga a ƙasan kowace rana a matsayin tabbas. Wata yakan yi kwana 29 ko 30, kuma sai an ga jinjirinsa, Sarkin Musulmi ya sanar, kafin a soma ƙirga. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kuma bai kamata a dogara da lokacinsa na bara ba.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne dare. Idan uwar amarya ta ce za a yi kamu daren Juma'a, Alhamis bayan magariba take nufi. A rubuta ranar da ƙarfe nawa ɓaro-ɓaro a katin gayyata.