Yadda ake fitar da alaƙoƙin Maxwell ba tare da hadda ba

Babu na'urar da ke auna enturofi S (ma'aunin yadda makamashi ya bazu a cikin tsari) kai tsaye, amma matakin zafi T, matsi P da girma V duk ana auna su a ɗakin gwaji. Amfanin alaƙoƙin da James Clerk Maxwell ya kawo a littafinsa kan zafi na 1871 ke nan: suna musanya canjin enturofi da abin da ake iya aunawa. Kada ka haddace su, domin mai hadda a wajen alamar ragi yake faɗuwa. Ka koyi fitar da su.

Fara da makamashin ciki U na tsarin da abu ba ya shiga ko fita daga cikinsa: dU = TdS − PdV. Daga nan ake samun wasu nau'o'in makamashi uku: entalfi H, makamashin Helmholtz F da makamashin Gibbs G. H = U + PV yana ba da dH = TdS + VdP. F = U − TS yana ba da dF = −SdT − PdV. G = H − TS kuma dG = −SdT + VdP.

Ƙa'idar guda ce. Idan dZ = M dx + N dy, kuma Z ya dogara ne kan halin da tsarin yake ciki kaɗai, to (∂M/∂y) da x a riƙe daidai yake da (∂N/∂x) da y a riƙe, domin a diribatif (ma'aunin saurin canji) na biyu, ko da x ka fara ko da y, amsa ɗaya ce. Wannan bai shafi makamashin zafi da ya shiga tsarin, wato Q, ko aikin W ba, su sun dogara da hanyar da aka bi.

Sai ka zaɓi lissafin da ya dace: duba abin da aka riƙe da abin da ake canzawa. Kana neman (∂S/∂V) da T a riƙe? T da V na F ne. A nan M = −S, N = −P, ragi biyu suka kashe juna:

(∂S/∂V)T = (∂P/∂T)V

Daga G kuwa ragin ba ya tafiya: (∂S/∂P)T = −(∂V/∂T)P.

Gwada ta farkon da gas mai bin PV = nRT, inda n yake adadin gas ɗin a ma'aunin mol, R kuma tsayayyar lambar gas. (∂P/∂T)V = nR/V, saboda haka ΔS = nR ln(V₂/V₁). Idan mol ɗaya ya ninka girmansa ba tare da zafinsa ya canza ba, R × ln 2, wato 8.314 × 0.693, zai ba ka kusan 5.76 J/K. Da amsarka ta fito da ragi, ka koma ka duba, gas ɗin da ya buɗe a zafi ɗaya enturofinsa ƙaruwa yake yi.

Ta biyun tana da ban sha'awa. Yawancin abubuwa kumbura suke idan an ɗumama su, don haka matse su yana rage enturofi. Ruwa tsakanin digiri 0 da kusan 4 na Salshiyos tsukewa yake idan an ɗumama shi, saboda haka a wannan ɗan tsakani matsi ƙara masa enturofi yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne watsar da ƙaramin harafin da ke ƙasan baka. (∂P/∂T) da V a riƙe daban yake da wanda S ke riƙe, ƙimarsu ma ba ɗaya ba ce. Haka nan kada ka soke su kamar kason lissafi: (∂P/∂T)V × (∂T/∂V)P × (∂V/∂P)T amsarsa −1 ce, ba 1 ba. Kuma duk inda T ya tsaya da kansa a lissafi, sa shi a Kelbin.