Gyaran tsohon tafkin ninkaya a Accra: kurakuran da ke cinye kuɗin maigida

Da yawa daga cikin masu kula da tafkunan ninkaya a otal-otal da gidajen East Legon da Cantonments 'yan'uwanmu ne daga Nima, Mamobi da Madina. Su ne waɗanda maigida ke fara tambaya idan shafen jikin tafkin ya yi kaushi yana kurje ƙafar yara, ko gansakuka ta kama ta ƙi fita. Tambayar kuma ba ta wuce ɗaya: fenti za a yi ko tayil? Tun daga nan ake kuskure, don akwai abubuwan dubawa kafin a kai ga wannan.

Mafi muni shi ne kwashe ruwan tafki da damina. Daga Afrilu zuwa Yuli ƙasar Accra a jiƙe take, musamman a kwari da unguwannin bakin teku. Nauyin ruwan da ke ciki ne yake danne tafkin. Da zarar an kwashe, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya ɗaga shi kamar kwalekwale, gindi ya tsage, bututu su karye. Wannan ɓarnar babu shafen da ke rufe ta. A jira hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma idan tafkin na da bawul na sakin ruwan ƙasa a gindinsa, a buɗe shi. Kada kuma a bar shi makonni ba ruwa wai ana jiran kuɗin kaya su cika.

Sai rufe ciwo da sabon shafe. Kafin a kwashe ruwa, ka cika bokiti ka ajiye a kan matakala, ka yi alama a ciki da waje, ka dawo bayan awa 24. Idan ruwan tafki ya fi na bokiti sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa a bututu yake ko a bakin fitila, ba a shafe ba. Bayan an kwashe, magini ya bi bango da ƙasa yana ƙwanƙwasawa da guduma. Duk inda ya ji amon rami, tsohon shafen ya rabu da kankare, sai an fasa shi. Jan tabon da ke dawowa a wuri ɗaya kuwa rodi ne ke tsatsa daga ciki. Sai an tono shi, an kankare, an rufe da siminti mai hana ruwa. Magini da ya ce maka "Alhaji, fenti zai rufe," yana so ne a sake kiransa baɗi. Yashin bakin teku ma a guje shi, gishirinsa ne ke cin rodi.

Fenti shi ne mafi araha, shi ya sa ake rububinsa. Na roba yakan yi shekara 2 zuwa 3, na efoksi 5 zuwa 7 idan an yi shi da kyau. Amma iri biyun ba sa shiri: ka shafa efoksi a kan tsohon fentin roba, zai kumbura ya saɓule. Dole a san wanda ke jikin bangon, ko a kankare shi tas. Efoksi kuma ba ya kama bango mai danshi. Ni dai a ganina, otal mai baƙi kullum bai kamata ya dogara da fenti ba. Shafen farin siminti da garin marmara yakan kai shekara 10, mai haɗin ƙananan tsakuwa ya fi haka daɗewa.

Tayil ya fi duka ƙarko, in dai ba na banɗaki aka saya ba. Wancan yana shan ruwa, ya ɓalle. A nemi na gilashi ƙanana ko na tangaran mai ƙarfi da aka yi don zaman ruwa, da mannin da ya dace da shi.

Akwai wani kuskure da Accra ke jawowa da kanta. Sabon shafen siminti a ƙarƙashin ruwa yake ƙarasa nuna, don haka da an gama ake fara cikawa, ba a tsayawa har ruwa ya kai baki. Idan famfo ya ɗauke a tsakiya, kamar yadda ya saba yi, zobe zai fito a bango daidai inda ruwan ya tsaya, kuma da wuya ya goge. Iskar hunturu ma na busar da ɓangaren da ya rage a waje har ya yi tsage-tsage. Ka yi magana da masu tanka tun kafin magini ya kwaɓa siminti. Ruwan rijiyar burtsatse a gwada shi tukuna, don a wasu unguwanni yana da gishiri ko ƙarfe, kuma ƙarfen na haɗuwa da kulorin, maganin tsabtace ruwa, ya ɓata farin shafe.

Mako 2 na farko a riƙa goge bango da buroshi safe da yamma, a riƙe ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.6. Kada a zuba garin kulorin kai tsaye a gindin tafki, a narka shi a bokiti. Idan tafkin mai na'urar samar da kulorin daga gishiri ne, a bari sai bayan kwana 30 kafin a zuba gishirin.