Yadda ake riƙe littafin lissafin shago don kada ka cinye jarinka ba ka sani ba

Shagon kayan masarufi a unguwa yawanci a tsaye yake mutuwa. Ciniki na tafiya, mutane na shiga suna fita, mai shago na ƙirga kuɗi kowane dare, amma kantoci sai ƙara yin wayam suke. Bara katan goma na taliya yake sarowa, bana biyar, daga nan sai ka ga ya baje ledojin omo a gaba don su rufe gurbi. In ka tambaye shi zai ce tsadar kaya ce. Tsada tana da nata laifin, amma na zauna da masu shago da dama mun duba abin da suke kira lissafi, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne: duk abin da ke cikin durowa ana ɗaukarsa riba, ana ci daga ciki, alhali mafi yawansa uwar kuɗi ce.

Abin da zan kawo na mai shago ɗaya ne, mai yaro ɗaya ko biyu, irin wanda ke zuwa sari kasuwar Singa a Kano ko wata babbar kasuwa kusa da shi. Mai sayar da atamfa a cikin gida, da tela, da mai cajin waya, kowa zai iya gyara shi daidai da sana'arsa.

Fara da sayen littafi biyu masu bangon kwali da biro. Ɗaya na ciniki da kashe-kashe, ɗaya na bashi. Ban yarda da fensir ba, ban yarda da rubutu a bayan kwalin sukari ko a takardar da ake naɗe kaya ba. Akwai manhajojin waya na lissafi, kuma wasu suna da kyau, amma kada ka fara da su. Wayar tana aljihunka, kai kuwa kana masallaci ko kasuwa lokacin da yaro ke sayar da kaya. Littafi yana kan tebur, duk wanda ke shago zai iya rubutawa. 

Kafin ka rubuta ko kwabo, ka rufe shago na rabin yini ka ƙirga duk abin da ke ciki. Kowane kaya ka sa masa kuɗin da ka saro shi, ba wanda kake sayarwa ba. Haɗa da kuɗin da ke durowa, da na asusun banki, da bashin da kake bin mutane wanda kake da yaƙinin za a biya. Sannan ka cire abin da dilolin da ke ba ka kaya suke bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka. Rubuta shi a shafin farko da kwanan wata, ka ja masa layi biyu. Da wannan adadin za ka riƙa auna kanka duk wata.

Sai ka raba asusu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, ciniki da yawa ya koma tiransifa, har mai sayen biredi da madarar shayi turo maka zai yi. In asusun da kwastoma ke turo kuɗi shi ne wanda kake biyan kuɗin makarantar yara da shi, kake sayen data, kake tura wa gyatuma, to lissafi ya lalace tun kafin a fara. Buɗe na shago daban, ko a banki ko a Moniepoint ko OPay, wanda ya fi maka sauƙi, kada komai na gida ya bi ta cikinsa. Kuma ka kafa wa yaronka doka: kaya ba sa fita don an nuna masa hoton rasit a waya, sai kuɗin sun bayyana a asusun. Alat na bogi ya yi wa masu shago da yawa illa. 'Yan kuɗin da ake yanka a kan POS da na tura kuɗi su ma ka riƙa rubuta su a ƙarshen mako, suna taruwa.

Shafin kullum ba wuya. Ja layi ka yi gida huɗu: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ba na cewa ka rubuta kowace alawa da kowane dunƙulen magi, mai tireda ba zai iya ba, wanda ya gwada ma a kwana uku yake jefar da littafin. Abin da ake so shi ne ka san canjin da ka bari a durowa da safe, kuma duk kuɗin da ya fita daga durowar a rubuta shi a take. Da dare ka ƙirga abin da ke ciki, ka ƙara abin da ya fita, ka cire canjin safe. Cinikin hannu na ranar ke nan. Ka duba waya ka haɗa na tiransifa, ka ɗauko jimillar bashin da aka ci yau daga ɗaya littafin. Uku ɗin nan su ne cinikin yini.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma a nan zan daɗe.

Hannunka kai mai shago shi ne ya fi kowane hannu shiga durowa. Da safe ka zari dubu uku na cefane. Da hantsi ƙaninka ya zo babur ɗinsa ba mai, ka miƙa masa dubu biyu. Bayan azahar uwargida ta aiko yarinya a ba ta sukari rabin kwano da madara gwangwani biyu da sabulun wanki, ka zuba mata a leda ba tare da ka ji ka kashe komai ba, tun da ba kuɗi ka bayar ba. Da yamma mai karɓar adashi ta zo. Da dare abokinka ya kawo katin ɗaurin aure, ka yi masa gudummawa. Babu ko ɗaya a ciki da yake laifi, hakkin iyali da zumunci ne. Matsalar ita ce ba a rubuta ko ɗaya ba, kuma in ka tara irin wannan yinin sau talatin za ka ga ya zarce ribar da shagon ya kawo a watan.

Maganinsa, ka buɗe shafi a ƙarshen littafin ciniki ka rubuta sunanka a sama, kamar yadda za ka buɗe wa mai cin bashi. Duk abin da ka ɗauka ya shiga nan, kuɗi ne ko kaya. In kaya ne, ka sa shi a farashin sari, ka lissafa shi cikin cinikin ranar kamar kai ne ka saya daga shagon, sannan ka rubuta a shafinka cewa ka ci. Idan ba ka yi haka ba, ranar ƙirga kaya za ka ga sukari ya yi ƙasa, kuɗinsa kuma babu, zuciyarka ta tafi kan yaron shago. Na ga an kori yara masu amana a kan kayan da suka tafi gidan maigida a cikin leda, kuma abin yana yi mini ciwo, domin yaron ya tafi da sunan ɓarawo a unguwar da aka haife shi.

Bayan wata ɗaya kana rubutawa za ka san nawa gidanka ke ci daga shago. Daga nan ka yanka wa kanka albashi, na mako ya fi na wata dacewa da mai tireda. Ranar Asabar ka cire shi gaba ɗaya, ka sa a aljihu ko a asusunka na kanka. Cefane, kuɗin makaranta, biki, suna, duk daga nan. In ya ƙare ranar Alhamis ka ga dole sai ka taɓa durowa, ka taɓa, amma ka rubuta shi a matsayin rance da za a cire daga na mako mai zuwa. In kwano biyu na sukari ake buƙata a gida, a aiko da kuɗi a saya kamar kowa. Iyali za su yi ƙorafi a makon farko, ka zaunar da su ka nuna musu littafin.

Adashi kuma ka lura da shi da kyau. Zubin da kake yi ajiya ce, kada ka sa shi a layin kashe-kashen shago tare da haya da kuɗin wuta. Ranar da ka kwasa ma ba riba ka samu ba, kuɗinka ne suka dawo. In daga durowa kake zubi, kwasar ta shago ce, ta koma sari. In kana so ka yi hidimar gida da ita, to ka riƙa zubi daga albashinka.

Sai littafin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shago a unguwa ba zai ce ba ya bayarwa ba, maƙwabcinsa ne, limaminsa ne, ma'aikacin da ke jiran albashi ne. Kowane mutum shafinsa daban: kwanan wata, abin da ya ɗauka, kuɗinsa, abin da ya biya, saura. Ka rubuta a gabansa, ka faɗa da baki: "Alhaji, da na yau ya zama dubu goma sha biyu da ɗari biyar." Wasu na jin kunyar yin haka ga manya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, don haka babu rashin ladabi a ciki. Kowa ka sa masa iyaka, in ya kai, sai ya rage kafin a ƙara.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi a nan. Ranar da aka ɗauki kaya bashi, ka riga ka lissafa shi cikin ciniki. Ranar da aka kawo kuɗin, kada ka sake sa shi a ciniki, ka rubuta "biyan bashi" a layin abin da ya shigo, kuma ka cire shi kafin ka fitar da cinikin hannu na ranar. In ba haka ba kaya ɗaya ka sayar sau biyu a takarda, ƙarshen wata lokacin da ma'aikata ke biya sai ka ga kamar kasuwa ta buɗe, ka saki hannu.

Game da sa farashi, kuɗin kaya ba abin da ka biya dila kaɗai ba ne. Ɗan dako, adaidaita sahu ko motar da ta kawo, leda, duk suna kan kayan. Tun cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin ɗauko kaya ya zama abin da ba a rainawa. Sannan ka riƙa kallon farashin da za ka sake sarowa. A ce ka sayi katan ɗin taliya naira 18,000, leda 20 a ciki, ka sayar kowace 1,000, ka tashi da 20,000. Cire 300 na dako da mota, kana ganin ribar 1,700. Ka koma kasuwa ka tarar katan ya zama 19,500. Abin da za ka iya ci ba tare da kantarka ta ragu ba 200 ne kacal, sauran na mayar da katan ɗin gurbinsa ne. Saboda haka ranar da ka ji kaya sun tashi a kasuwa, ka gyara farashin na kan kanta a ranar, kada ka jira tsohon ya ƙare.

Ƙarshen wata ka sake ƙirga kaya a farashin sari. Kayan farkon wata, a haɗa da duk sarin watan, a cire kayan da suka rage, shi ne kuɗin abin da ya fita. A ce ka fara da kayan 800,000, ka saro na 1,200,000, saura na 750,000, to na 1,250,000 ne suka fita. Ciniki ya kama 1,430,000, bambanci 180,000. Cire kashe-kashe: kason haya na wata ɗaya 20,000 (raba ta shekara gida goma sha biyu, kada ka jira ranar biya ta zo maka a dunƙule), albashin yaro 25,000, wuta da man janareta 15,000, maigadi da shara da harajin ƙaramar hukuma da cajin POS 10,000. Riba 110,000. Yanzu buɗe shafin nan mai sunanka. In ka ga 140,000, to ka ci 30,000 daga jari a wata ɗaya, ko da durowa a cike take, kuma albashin da ka yanka wa kanka sai ya sauko.

Kayan da suka lalace ko wa'adinsu ya wuce kada ka ƙirga su cikin saura. Bashin da ya shekara ba motsi ka cire shi daga jari, in an biya daga baya ka mayar. Rasit ɗin sari ka soke su a ƙusa ko ka tara a leda ɗaya, kowane wata daban. Wannan ƙirgar ita za ta yi maka aiki wajen zakka, in dukiyar kasuwancin ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ake fitarwa, sai dai a nan kimar kayan a kasuwa ranar fitarwa ake dubawa, ka tambayi malaminka kan bashin da kake bi. In kuma kana da niyyar neman rance ko tallafi, za a nemi ganin shigar kuɗi da fitarsu na watanni, don haka kada ka yar da littafin da ya cika, ka rubuta watanninsa a bango ka ajiye a gida.