Yadda za ka gane ko kiranshaf na yanka ne ko na canji

In injin motarka ya yi nokin, bakanike ya sauke shi ya ce kiranshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a cikin inji, ya ci, kada ka yi saurin kama hanyar Kano daga Katsina zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman wani. Da farko a wanke shi tas da fetur, don baƙin mai yana ɓoye aibi.

Sai a nemi tsaga. A rataye shi da igiya a ɗan buga masa guduma: lafiyayye amonsa yana daɗewa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Bugun ba ya tona ƙananan tsagu, saboda haka a ƙura ido a kusurwoyin mazaunin mital (siririn ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinsa) da bakin ramukan mai, can suka fi farawa. In an ga tsaga, magana ta ƙare, a canza. Haka in mazaunin ya yi shuɗi sosai don zafi, ko ƙarfen ya lanƙwashe.

Daga nan sai awo, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Wani zai shafa farce kawai ya ce a yanka, wato a goge mazaunin da inji a rage masa kauri. Ka nace mai yanka ya sa maikiromita, na'urar auna kauri, a kowane mazauni, ta ɓangarori biyu, a gabanka. In sitanda ne, wato ba a taɓa yanka shi ba, kuma ƙarjin bai yi zurfi ba, a yanka zuwa 010, wato a rage masa 0.25mm. Na 010 ya koma 020. Wanda ya riga ya kai 030, ni dai ba na ba da shawarar a sake taɓa shi, balle a motar haya mai zirga-zirgar Daura kullum da lodi. Na dizal kuma a yi hattara: wasu taurinsu a fatar sama kaɗai yake, yanka ɗaya ya kwashe shi.

Kafin a yanka, tabbatar mital na wannan lambar yana kasuwa. In canji ne, kiranshaf na Beljiyam ɗin da za ka saya ma a auna shi, wasu an taɓa yanka su.

Bayan yanka, a bi ramukan mai da burushi da iska har sai garin ƙarfe ya fita. A duba famfon mai da konrod ɗin da ya yi nokin (sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf), a sa sabuwar filta. In famfon ne ya jawo nokin ɗin aka mayar da shi haka, sabon mital ma ba zai yi ƙarko ba.