Yadda za ki taimaki yaron da komai ke suɓuce masa

Ina koyar da 'yan aji biyu na firamare, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu yaron da kofi ke suɓuce masa ba, ya yi tuntuɓe a fili, rubutunsa ya ƙi zama kan layi. A gida ana ce masa sakarai. Wallahi abin yana min ciwo, domin sau da yawa lalura ce, wadda likitoci ke kira disfiraksiya: ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar tsara motsin gaɓoɓi. Tana samun yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta, ta fi yawa a maza da bakwaini, kuma ba ruwanta da basira.

Uwa, ki fara da ajiye bulala. Tsawa tana ƙara masa rawar hannu ne kawai.

Sai ki ɗauki aiki guda, misali sa maɓallin riga. Ki zauna a bayansa, hannunki ya fuskanci inda nasa ya fuskanta. Ki tura maɓallin ya leƙo rabi ta ramin, shi ya kama ya jawo. Iyakar aikinsa ke nan har ya saba. Daga nan ya tura da kansa, ke ki riƙe masa bakin rigar. Ana farawa daga matakin ƙarshe ne domin kullum shi ke kammalawa, ya ji daɗi. Ki nemi riga mai manyan maɓallai, kuma kada ki koya masa da safe ana saurin makaranta. Kafin ya iya ɗaure zariya, wando mai roba ya wadatar.

A rage masa ruwan buta zuwa rabi idan zai yi alwala. A naɗa wa fensirinsa kyauro ya yi kauri. Ki ba shi wake ya tsince, ya mulmula fura, ku riƙa jifa da babbar ƙwallo daga kusa. Langa da carafke su jira tukuna. Ki kuma gaya wa malaminsa, na boko da na allo.

Ba a cika tabbatar da lalurar kafin shekara 5 ba. Amma idan yaro ya daina iya abin da ya saba yi, ko ɓari ɗaya ya yi rauni, ko sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyi kafin ya tashi daga ƙasa, ki kai shi wurin likitan yara ba da jinkiri ba, a duba masa har da ido. Daga can ake tura shi sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi idan da buƙata.