Darasi na 7: Zaɓen akwati da jakar kayan kiɗa

Makaɗi a Damagaram ba ya zama wuri ɗaya. Yau biki a Birni, gobe suna a Zango, jibi a kira shi Mirya ko Magarya. Kayan kiɗa kuwa sun fi lalacewa a kan hanya: a bayan kabu-kabu, ko a saman mota ƙarƙashin buhun gero.

Kafin ka je wurin kafinta ko tela, fara da awo. Auna tsawon abin, da faɗinsa, da kaurinsa, ka rubuta a takarda. Sannan ka ƙara santimita 3 a kowane gefe domin soson da za a shimfiɗa a ciki. Piyano mai maɓalli 61, irin wanda mawaƙan zamani ke yawo da shi, tsawonsa ya kusa mita 1. In naka santimita 95 ne, cikin akwatin ya zama 101. Kada ka ce wa kafinta "kamar haka" kana buɗe hannuwa. Miƙa masa takarda.

In an gama, saka kayan, ka rufe, ka girgiza. Ka ji motsi a ciki? To aiki bai ƙare ba. Abin da ke yawo cikin akwati, duk ramin da mota ta faɗa sai ya bugu. Wani kafintan zai ce maka, "Maigida, ai tsumma zai cike wurin." Ka ce masa, "A'a Malam, a ƙara soso, a manna shi." Tsumma yana zamewa gefe ɗaya tun ba a fita gari ba.

Ba kowane abu ke buƙatar katako ba. Kalangu da kotso da ake ratayawa a kafaɗa, jakar fata ko ta yadi mai kauri ta ishe su, kuma dukawan garin nan sun daɗe da suna a aikin fata. Sai dai a sa wani abu mai tauri a bakin jakar sama da ƙasa, don kada tsini ya huda fatar gangar, kuma kada a ɗora musu kaya. Goge da gurmi, cikinsu ƙwarya ce. Danniya ɗaya ta tsaga ta. In za su hau motar haya, akwati mai tauri suke so, ko ka riƙe su a cinya. Izgar goge a yi mata nata wurin daban.

Kayan lantarki su suka fi cin kuɗi, su ya kamata a fi kashe wa. Amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da makirfo da na'urar haɗa sauti, a yi musu akwatin katako mai ƙarfe a kusurwoyi, da mariƙi a gefe biyu yadda mutum biyu za su kama, da wurin kwaɗo. Ja mariƙin da ƙarfi tun a gaban mai aikin, domin shi ke fara cirewa. Akwati mai taya yana da ban sha'awa a kasuwa, amma ni ban ga amfaninsa a yashi da duwatsun lungunan Birni ba. Wayoyi a nannaɗe su cikin jaka daban. Kan waya ƙarfe ne, yana karce duk abin da ya goga.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, akwatin ƙarfe a rana kuwa tanda ne: fata ta ɗaure har ta tsage, roba ta lanƙwashe. Da hunturu ƙura ce ke shiga maɓallan piyano, don haka duba murfi ya zauna daram, zif kuma ya rufe har ƙarshe. Da damina, musamman Agusta, rufa leda a hanya, amma da isa ka cire ta. Fatar da ta sha laima tana saki, sauti ya mutu, in kuma aka rufe ta da danshi sai ta yi funfuna. Shanya ta a inuwa tukuna.

Yanzu ga inda karatunka zai yi aiki. A kan murfi rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, da SAMA, da A HANKALI. A cikin murfi manna takarda mai sunayen abin da ke ciki da yawansu: makirfo 2, waya 4, batir 6. In an tashi daga wasa da dare, haska tocila ka karanta, ka ƙirga kafin ka sa kwaɗo.

Aiki

1. Na'ura tana da tsawon santimita 40 da faɗin 30. Nawa ne awon cikin akwatinta in an ƙara 3 a kowane gefe?

2. A ce kafinta ya nemi jika 12, soso jika 3, kwaɗo jika 1. Rubuta jimillar da lambobi a kuɗin sefa (jika ɗaya sefa 1000 ce).

3. Rubuta takardar cikin murfi ta kaya biyar da kake fita da su aiki.