Yadda ake lissafin aiki a darasin fiziks

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, tambayar aiki ce nake maimaita wa ɗalibaina, domin maki ne mai sauƙi da gaggawa ke sa a zubar da shi. Ƙa'idar gajeriya ce: aiki shi ne ƙarfi sau nisa, W = F × d. Ƙarfi da Newton ake auna shi, nisa da mita, amsar kuma ta fito da Joule, sunan masanin nan na Ingila James Joule wanda ya rasu a 1889.

A ce kana jan guga cike da ruwa mai kilo 10 daga rijiya mai zurfin mita 12. Kada ka yi saurin ninka 10 da 12, domin kilo ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Fara ninka kilon da jan ƙasa, wato 9.8, ko 10 idan takardar tambaya ta ce haka. Idan da 10 ka ninka, ka samu Newton 100. Sai ka ninka da 12, aikin ya zama Joule 1,200. Idan da santimita aka ba ka nisan, raba shi da 100 tukuna.

Inda aka fi yi mini gardama a aji shi ne maganar ɗan dako. Ya ɗaga buhun siminti mai kilo 50 daga ƙasa ya ɗora a ka, tsayin mita 1.5: Newton 500 sau 1.5, Joule 750 ke nan. Amma da ya kama hanya a miƙe bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko mita 200 ya yi, aikin da ya yi na riƙe buhun sifili ne. Yara su ce, "Malam, mutumin fa gumi yake yi!" Gaskiya ne ya gaji, ban taɓa raina wahalarsa ba. Sai dai kansa sama yake tokare buhun, tafiyar kuma gaba take yi, lissafin kuwa nisan da ya bi inda ƙarfin ya nufa kawai yake ƙirgawa.

Shi ya sa idan a karkace ake jan abu, ake ninka lissafin da cos θ, inda θ ita ce kusurwar da ke tsakanin inda ƙarfin ya nufa da inda abin yake tafiya. Ka ja akwati da igiya, ƙarfi Newton 40, kusurwa digiri 60, nisa mita 5. Cos 60 rabi ne, saboda haka 40 × 5 × 0.5, Joule 100. Ka rubuta J, wato Joule, a ƙarshen amsarka, mai duba takarda yana nemansa.